Da Mudun Wa Aka Auna Mu?

A shekarar 2009, Thomas Fritz na cibiyar Max Planck ta Jamus da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a tsakanin Mafa, mutanen duwatsun Mandara da ke arewa da mu nan Garwa. Sun samo mutum 21 da ba su san kiɗan Turawa ba, suka sa musu kiɗan fiyano, suka ajiye musu hotunan fuska uku: mai murna, mai baƙin ciki da mai tsoro. Kowa ya nuna wadda ta dace da abin da ya ji. Mafa sun dace fiye da abin da canki-canki zai bayar, ko da yake ba su kamo Turawan da aka gwada ba. Sai kan maƙalar ya ce duk duniya ana gane waɗannan ukun a kiɗa.

Ba na ƙaryata alƙalumansu, na ma yaba da suka taka har can. Inda nake ja shi ne mudun. Kiɗan na Bature ne, hotunan daga taskar Ba'amurke Paul Ekman, kasa zuciya gida uku ma nasu ne. Wanda aka ba zaɓi uku kuwa dole ya nuna ɗaya. A sa wa Bajamushe algaitar fadar Lamiɗon Garwa mana, a ce ya ware kirari daga zuga. In ya kasa, wa zai ce kunnensa ne da naƙasu?

A 2010 Joseph Henrich da abokansa sun tunatar cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji da su a manyan mujallun nazarin halayyar ɗan Adam sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya.

Kakata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan mahaifina ba, domin ɗan farinta ne. Mu kunya muke kiran wannan, Fulani su ce semteende. Mai takardar tambayoyi daga waje zai iya rubuta cewa ba ta son ɗanta, alhali in ya makara a kasuwa ba ta iya cin tuwo.

Tsorona shi ne ɗalibanmu na Marwa da Ngaundare su haddace wannan mudu, su dawo su auna iyayensu da shi. Su yi karatun, amma su fara tambayar mai unguwa da ungozoma sunan abin kafin su ba shi maki. Allah Ya sa mu dace.