Cyprian Ekwensi da Bashin da Adabin Hausa ke Bin Sa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba rayuwar Cyprian Ekwensi da littattafan da ya rubuta domin matasa, musamman waɗanda ya gina a kan ƙasar Hausa. Abin tambaya shi ne: me ya ɗauka daga adabinmu, kuma da wace fuska ya nuna mu ga yaran makaranta?

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Ekwensi a Minna a 1921, ko da yake iyayensa Ibo ne daga Nkwelle Ezunaka. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Ibadan, ya koyi aikin gandun daji, daga baya ya karanta ilmin haɗa magunguna a Landan. Ya yi koyarwa, ya yi aiki a gidan rediyon Nijeriya, har ya zama Daraktan Watsa Labarai na Tarayya. Ya rasu a Inugu a 2007. Manazarta sun fi saninsa da People of the City (1954) da Jagua Nana (1961), amma ɗalibai sun fi sanin ƙananan littattafansa.

3.0 The Passport of Mallam Ilia (1960)

A nan ne gwanintarsa ta fi fitowa. Malam Iliya ya sami Zara ta hanyar wasan shanci, Usuman ya zama sanadin mutuwarta, shi kuwa ya ƙare rayuwarsa wajen farautar Usuman har ƙasar Makka. Marubucin ya sa tsohon ya ba da labarinsa ga wani saurayi a cikin jirgin ƙasa, ta yadda gudun jirgin da gudun labarin suka zama ɗaya. Wannan dabara ce mai riƙe yaro mai karatu. Sai dai Arewar da ke cikin littafin ta wuƙa ce da ramuwar gayya. Ba a cika ganin manomi ko mai sana'a ba.

4.0 An African Night's Entertainment (1962)

Duk wanda ya karanta Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka biyo bayan gasar 1933, ba zai yi baƙunta a nan ba. Attajiri Malam Shehu ya ƙwace Zainabu daga saurayinta Abubakar. Abubakar ya shiga duniya neman asiri. Ɗan da aka haifa, Kyauta, ya tashi ɓarawo, ya kashe mahaifinsa, sa'an nan ya kashe Abubakar. Zubin ɗaya ne, sunayen ma harufa kaɗan aka sauya. Neil Skinner ya gwama littattafan biyu a 1973, ya nuna kusancinsu.

Za a iya cewa labari ba shi da ubangida, tun da Abubakar Imam ma ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai a Magana Jari Ce. Amma Imam ya narkar da abin da ya aro, ya sa masa rigar Hausa. Jiki Magayi kuwa ba tatsuniya ba ce. Ƙagaggen labari ne bugagge mai ɗauke da sunayen marubutansa, kuma Ekwensi ya fitar da nasa da sunansa shi kaɗai. Har ila yau, sunan Hausa gargaɗi yake yi cewa mai aikata ɓarna zai ji a jikinsa, na Ingilishi kuwa alkawarin hirar dare ya yi. Da wannan sauyi, wa'azi ya koma nishaɗi.

5.0 Kammalawa

Ba a rage wa Ekwensi darajarsa: ya buɗe wa yaran Kudu taga zuwa Arewa, kamar yadda ya sake yi da rayuwar Fulani makiyaya a Burning Grass (1962). Amma abin kunya ne ɗalibi Bahaushe ya san Kyauta a Ingilishi bai san asalinsa ba. Shawarata ga malaman kwalejojin ilmi ita ce sashen Hausa da na Ingilishi su koyar da littattafan biyu tare, a bar ɗalibai su gwama su yanke hukunci. Ta haka ne za a biya Tafida da East bashinsu.