Kambari ba abin kallo ba ne

Shekaranjiya wani aboki daga Kano ya turo mini bidiyo a WhatsApp, ya rubuta a ƙasa: "Ashe haka ƙasarku take?" Wani matashi ne riƙe da waya a wani ƙauyen Kambari, yana haska mata da yara, yana cewa ga mutanen da ba su san Allah ba. Har yanzu raina bai huce ba.

Masu ɗaukar bidiyon nan abu biyu kaɗai ke kawo su yankin Yauri. Ko su haska "arna" a daji, ko su jera mutane a rana ana laƙanta musu kalmar shahada, a ƙarshe a rubuta lambar asusun banki. Shi ke nan. Wanda ke kallo a Kano ko Maraɗi sai ya ɗauka daga Yelwa zuwa Wara duk duhun kai ne. Bai san Sarkin Yauri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba. Bai san a cikin Kambari, Gungawa da Shangawa akwai limamai da alhazai, akwai masu zuwa coci, akwai kuma masu riƙe da al'adar kakanni, wani lokaci duk a gida ɗaya ba.

Ku masu TikTok, ina kuke idan ana Rigata, kwale-kwale na tsere a kan kogin Kwara? Wa ya taɓa zama da tsohon Bagunge ya ba shi labarin yadda madatsar Kainji ta cinye gungunansu a 1968, aka tashe su daga gidajen iyayensu? Da jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021, masunta da matuƙa ne suka shiga ruwa neman mutane, ba wanda ya tsaya tambayar addinin gawa kafin ya ciro ta. Wannan ba ya kawo mabiya, shi ya sa ba a ɗaukarsa.

Na yarda, akwai masu da'awa na gaskiya da suka haƙa rijiya suka gina makaranta, kuma wasu gudummawar ta hanyar bidiyon suka samu. Allah ya saka musu.

Amma mutumin da ya musulunta ba ganima ba ne da za a ɗaga wa duniya. Kalmar "arne" kuwa zagi ce, kowa ya sani. Bakambaren da ka ci mutuncinsa yau, ɗansa na da waya, gobe zai gani. Ta yaya zai saurari wa'azinka bayan nan?

Don Allah, idan irin wannan bidiyo ya zo wayarka, kada ka tura wa kowa. Kai kuma mai kyamara, ka nemi izinin mai gida kafin ka haska iyalinsa.