Ina doka take ranar da ake yanka fili a bakin rafi?

Duk wanda ya daɗe a Sabo ta Ibadan, in aka ce Omiyale ba sai an fassara masa ba. Dattawanmu har yau suna ba da labarin ambaliyar Ogunpa ta 1980. Mu kuwa mun ga ta daren 26 ga Agusta, 2011 da idonmu, ruwan da ya karya gadar Apete, ya ci rayuka sama da 100. Amma ga shi yau Sabo ta cika, haya ta yi tsada, 'yan'uwanmu na fita bayan gari neman fuloti. Dillali zai kai mutum kwari a bakin rafi da rani, ƙasa a bushe ƙamas, ya ce, “Alhaji, wannan rabin kuɗi ne.”

Sau da yawa mukan ji ana cewa gwamnati ba ta isa ta hana mai gado yanka filin kakanninsa ba. Maganar ba haka take ba. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, don amfanin jama'a. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani, gwamna kuma na iya janye shi in maslahar jama'a ta buƙata. Dokar tsara birane ta 1992 ta hana gini sai da izinin hukuma, ta kuma ba hukumar ikon ƙin amincewa. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar Legas da gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Ke nan alhakin yana nan gida, ba sai an jira Abuja ba.

To, tunda ikon yana nan, me ya sa ba a ganinsa sai bayan ɓarna? Ranar da safiyo ke kafa duwatsun iyaka a hanyar ruwa, babu jami'in da ke leƙowa. Ranar da ake zuba fandisho, shiru. Sai an rufa kwano, iyali sun tare, ruwa ya yi gyara, sannan a zo da jan fenti, katafila na biye. Wanda ya sayar ya ci kuɗinsa ya goge baki, wanda ya saya shi ke kwana a masallaci. Tsarin mulkin 1999 ya tanadi diyya in gwamnati ta karɓe dukiyar mutum, amma wanda ya gina ba izini, hannunsa riƙe da rasit kawai, da wuya ya ga sisi.

Mu ma da namu laifin. Araha ba ta ado, amma mun fi yarda da rasit da shaidu biyu a kan taswirar da hukuma ta sa wa hannu. Wani ya san kwari ne, sai ya cike shi da tifar ƙasa, ya tura ruwan gidan maƙwabci.

Abin da muke nema ba shi da yawa. A fitar da taswirar wuraren da ruwa ke kwanciya, a liƙa ta a sakatariyar ƙananan hukumomi da Yarbanci da Hausa. A hana awon tun ranar farko, hukunci kuma ya fara hawa kan mai yankawa. Fadar Sarkin Hausawa da limamanmu su riƙa jan kunnen masu saye.

Kai kuma da ka tara kuɗinka shekara da shekaru, kada ka biya da rani. Koma wurin a watan Satumba, ka dubi shatin ruwa a bangon maƙwabta, ka nemi takardar amincewar hukuma, ka kai wa lauya. In dillali ya ce wani na jira da kuɗi a hannu, bar masa. Allah ya tsare mu da dukiyarmu.