3.2 Malamin Ƙarya da Malamin Gaskiya a Cikin Ruwan Bagaja

A wannan sashe za a duba yadda Abubakar Imam ya sarrafa imani da yaudara a cikin Ruwan Bagaja, littafin da ya shiga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka kuma buga shi a 1934. Manazarta da dama sun fi karkata ga cewa jigon littafin shi ne ban dariya. Mai wannan bincike bai musa haka ba, sai dai yana ganin akwai magana mai nauyi a ƙarƙashin dariyar.

Tun farko, abin da ya fitar da Alhaji Imam daga gida shi ne neman tabbatar da gaskiyar wata magana. Liman, wanda ya riƙe shi, ya faɗa a gaban Sarki cewa ruwan Bagaja zai warkar da Yarima, sai aka wulakanta shi, aka ɗauki zancen nasa tatsuniya. Ke nan tauraron ya fita ne domin wanke malami daga zargin ƙarya. Abin mamaki kuma, da ƙarya ya yi yawancin tafiyar.

Misali mafi fitowa fili shi ne karonsa na farko da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Alhaji Imam ya sauka a wani gari na jahilai, ya ba da kansa a matsayin babban malami alhali bai da karatun. Da Zurƙe ya zo zai tona masa asiri, sai ya zana wata alama a ƙasa ya ce a faɗi mece ce. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffan Larabci, shi kuwa ya ce ai jinjirin wata ne. Jama'a suka bi bayan wanda ya faɗi abin da idonsu ya sani, suka kori mai karatu. A nan mawallafin ya nuna cewa damfara da sunan addini ba ta tsayuwa sai ta sami jahilcin da za ta jingina da shi. Mutanen garin suna girmama ilimi ƙwarai, amma ba su da ma'aunin da za su gane mai shi, don haka rawani da ƙarfin hali suka wadatar da su.

Sai dai akwai rauni a nan, wanda ya kamata a faɗa. Mai karatu dariya yake yi wa Zurƙe, ba tausayinsa yake ji ba, saboda labarin daga bakin mayaudarin yake fitowa. Daga baya ma shi Zurƙen ya shiga ramuwa da irin wannan makirci, har aka rasa wanda za a kira malamin gaskiya a tsakaninsu. In aka kwatanta da Jiki Magayi, inda asirin da Abubakar ya nemo ya jawo kisan kai da nadama, za a ga Imam ya yi wa tauraronsa sassauci da yawa.

Haka kuma littafin bai yi watsi da gaibu ba. Da taimakon aljannu aka samo ruwan, Yarima ya warke, maganar Liman ta tabbata. Wanda ya tabbatar da ita kuwa shi ne mutumin da ya ci dukiyar jama'a da malantar ƙarya, kuma ya komo gida da ɗaukaka ba tare da an tuhume shi ba.