Da a ce Robert Kennedy bai mutu ba

Ran 5 ga Yuni 1968 aka harbi Robert Kennedy a wani otal na Los Anjelas, jim kaɗan bayan ya lashe zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokrat a jihar Kalifoniya. Washegari ya cika. Tun daga lokacin marubutan Amurka ba su daina tambayar abin da zai faru ba da harsashin ya kuskure shi. Jeff Greenfield na cikinsu: a littafinsa "Then Everything Changed" na 2011, ya bar Kennedy da rai har ya kai shi gadon mulki.

Labarin yana da daɗin karatu, kuma marubucin ya san siyasar ƙasarsa ciki da bai. Sai dai irin wannan rubutu yana da rauni guda, wato ɗora makomar ƙasa baki ɗaya bisa wuyan mutum ɗaya. A 1968, yawancin wakilan da ke tsai da ɗan takara ba jama'a ke zaɓensu ba, jiga-jigan jam'iyya ne ke naɗa su. Hubert Humphrey, mataimakin shugaban ƙasa, bai yi kamfe a zaɓen fid da gwani ko ɗaya ba, amma ranar da Kennedy ya rasu ya fi shi yawan wakilai. Kennedy kansa ya sha kaye a jihar Oregon mako guda kafin nan. Ga kuma shugaba Lyndon Johnson, wanda ba su ga maciji da juna. Ke nan ko tutar jam'iyyar ba ta tabbata a hannunsa ba.

Masu wannan hasashe suna da tasu hujja. A watan Nuwamba, Richard Nixon ya ɗara Humphrey da ƙuri'a wajen dubu 500 kawai, ƙasa da kashi 1 cikin 100, a lokacin da yaƙin Biyetnam ya raba kan ƴan Dimokrat. Ɗan takarar da ya fito fili yana adawa da yaƙin zai iya cike wannan giɓi. Amma zai iya kuma tura wasu fararen fata ga Nixon ko ga George Wallace, wanda ya samu kashi 13 da ƴan kai.

Tarihin wasu ƙasashe ma ya nuna cewa kisa ba alkibla ɗaya yake bai wa zaɓe ba. Bayan kashe Luis Carlos Galán a Kolombiya a 1989, jagoran kamfensa César Gaviria ne ya ci zaɓen 1990. Haka jam'iyyar Benazir Bhutto ta zo ta ɗaya a Pakistan a 2008, ƙasa da wata biyu bayan kisanta.

Wanda aka kashe yana takara ba ya samun damar saɓa alkawari, shi ya sa ake yi masa kyakkyawan zato fiye da kowa. Littafin Greenfield ya cancanci a karanta shi, muddin mai karatu bai ɗauki begen mamaci a matsayin hujja ba.