Dodon Rikiɗa a Teburin Wasan Tsoro

Mutum biyar ne ko shida suke zama a kewaye da tebur, kowa da takarda da fensir. Kowannensu ya ari rigar wani mutum na cikin labari, wannan likita, wancan ɗan jarida. Ɗaya daga ciki shi ne jagora: shi ke faɗin abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, shi ne kuma bakin duk wani mahaluki da za a ci karo da shi. In aka zo abin da ba a san yadda zai kaya ba, sai a jefa ɗan ludo mai fuskoki da yawa ya raba gardama. Wannan salon wasa ya kafu a Amurka a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, reshensa na tsoro kuma ya tsaya da ƙafarsa a 1981 da Call of Cthulhu na Sandy Petersen, wanda ya ɗebo daga labaran H. P. Lovecraft.

Cikin dodannin wannan fage babu wanda ya fi jan hankalina kamar mai rikiɗa, babu kuma wanda aka fi ɓata shi. Dalilin yana jikin wasan. 'Yan wasa ba su da ido sai na jagora. In ya ce tsohuwar da ta buɗe ƙofa mai masaukinsu ce, sun yarda, don ba su da wata hanyar sani. To ranar da ya saka dodon da zai iya zama kowa, ya taɓa amanar da wasan ya ginu a kanta, kuma ita amana in ta fashe ba ta ɗinkuwa da wuri.

Tarihin wasan ya riga ya nuna hakan. Tun 1975 Dungeons & Dragons ya shigo da doppelganger, mai ɗaukar kamar mutum har ya karanta abin da ke zuciyarsa. A 1977 sai ga mimic, wanda ke kwanciya kamar akwatin dukiya, ka miƙa hannu ya manne maka. Karon farko abin yana razanarwa. Daga nan fa shi ke nan, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu: 'yan wasa suka koma zungurar kowane akwati da sanda mai ƙafa 10, suna tuhumar duk baƙon da ya yi musu sallama. Zaman da ya kamata gaba ya riƙa faɗuwa a cikinsa sai ya koma aikin binciken kaya, kowa ya gaji.

Maganin da na fi gamsuwa da shi ya fito ne daga labarin John W. Campbell na 1938, Who Goes There?, wanda John Carpenter ya mayar fim a 1982 da sunan The Thing. Mutane ne a tashar bincike a Antaktika, ƙanƙara ta rufe su, wani abu yana cinye su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaukar kamarsu. Amma abin yana da doka: kowane ɗigo na jikinsa rai ne mai son tsira da kansa. Saboda haka aka ɗebi jinin kowa a faranti, aka gasa waya, ana tsomawa. Jinin mutum sai ya yi ƙauri kawai. Na dodo kuwa sai ya zabura. Duk tsoron wurin yana cikin jiran da ake yi kafin waya ta taɓa faranti na gaba, kuma jiran nan bai samuwa sai da dokar.

Mu ma mun san wannan tun a gindin kakanninmu. Aljanar da ake ba da labarinta ta cika kyau, sai dai in ka sunkuya ka ga kofato. Yarinyar tatsuniya da ta rantse ba ta auren mai tabo, saurayin da ya zo mata sumul ba ko ƙwarzane shi ne dodon. Ina ganin hikimar ta biyun ta fi zurfi, domin cikar kamalar ita ce alamar. Kowane ɗan Adam duniya ta taɓa shi a wani wuri.

Na taɓa zama a teburin da jagora ya yi aiki da wannan. A zama na biyu ya gabatar da wani likitan ƙauye mai ƙunar wuta a bayan hannun dama, har likitan ya ba da labarin yadda ya same ta yana ceton ƙanwarsa. Ya ɗinke wa ɗaya daga cikinmu rauni, ya ba mu ɗakin kwana, muka saba da shi. A zama na biyar, ana tsakiyar wata magana daban, jagora ya ce likita ya miƙo fitila da hannunsa na dama, fatar tana sheƙi, luwai. Ya wuce abinsa bai ɗaga murya ba. Wata daga cikinmu ta ajiye fensirinta a hankali, ta juya takardunta baya, ta sa yatsa a kan layin da ta rubuta makonni uku da suka wuce. Babu wanda ya yi magana na ɗan lokaci. Abin da ya riƙe mana wuya shi ne sanin cewa mutumin kirkin nan ya mutu a wani daren da muke barci a gidansa, kuma tun daga ranar da wani abu muke cin abinci.

Abu biyu suka sa wannan ya ci. An bar mu mun so mutumin kafin a ɗauke shi, sannan alamar tana gabanmu, ba a ɓoye ta a bayan sa'ar jifa ba. A tsohon tsarin Call of Cthulhu kana iya jefa ɗan ludo don lura da abu, jifan ya ƙi, alamar ta wuce ka har abada. Wannan ciwon ne Robin Laws ya nufa da tsarin GUMSHOE, wanda Kenneth Hite ya gina Trail of Cthulhu a kansa a 2008: muhimmiyar alama ba a hana ta, aikin ɗan wasa shi ne gane ma'anarta.

Inda har yanzu nake ɗari-ɗari shi ne mayar da ɗaya daga cikin 'yan wasan kansu dodo a ɓoye. Wasan Mafia da Dmitry Davidoff ya ƙirƙiro a Mosko a 1986 yana yin haka lafiya lau, don a zama guda ake gamawa a tashi ana dariya. Labarin da aka yi wata shida ana ginawa dabam ne. Wanda ya zuba zuciyarsa a kan mutumin da yake wakilta, aka wayi gari an ce tun tuni ba shi ba ne, zai ji an yi masa sata. Jagoran da ke son bin wannan hanya sai ya ja mutumin gefe tun kafin zama, ya nemi yardarsa, su shirya tare wane tabo ne zai ɓace da kuma ranar da za a bari a gani.