Birnin Shehu: Kirari da Tarihi a Ma'aunin Waƙar Gewaye

1.0 Gabatarwa

Idan mutumin Fulatan ta ƙasar Rogo ya ce zai tafi Birnin Shehu, ba wanda zai tambaye shi garin da yake nufi, domin kowa ya san Sakkwato ce. Wannan kirari ya zauna daram a bakin makaɗa da marubuta, har ya kai ɗalibai da yawa suna zaton a nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi yawancin rayuwarsa. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna kirarin da abin da Waƙar Gewaye ta Nana Asma'u ta nuna, don mu ga abin da ya adana mana da kuma abin da ya rufe.

2.0 Shehu a kan hanya

An haifi Shehu a Maratta cikin 1754, ya tashi a Degel, ya yi yawon wa'azi a Zamfara da Kabi. A watan Fabrairu na 1804 ya yi hijira zuwa Gudu, aka gwabza yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar. Daga nan jama'a ta zauna a Sabon Gari ta Zamfara, sannan Gwandu a 1805. Bayan cin Alƙalawa a 1808 Shehu ya koma Sifawa, ɗansa Muhammadu Bello kuwa ya kafa Sakkwato a 1809. Shehu bai tare a Sakkwato ba sai 1815, ya kuma rasu a watan Afrilu na 1817. Ke nan daga cikin shekaru sittin da 'yan kai da Allah ya ba shi, biyu kacal ya yi a birnin da ake kira da sunansa. Wanda ya gina birnin kuwa, watau Bello, a Wurno kabarinsa yake.

Wannan tafiya ita ce ƙashin bayan Waƙar Gewaye, wadda Asma'u ta tsara da Fillanci bayan rasuwar Bello a 1837, ƙaninta Isa ɗan Shehu ya mayar da ita Hausa. Sunan waƙar kansa ya isa shaida. Zubinta na bin zango ne: a sauka nan, a yi yaƙi can, a tashi. Ta haka mai sauraro ke ganin Shehu a matsayin mai hijira wanda jama'arsa ta sha yunwa da annoba da rashin mazauni, kafin ta sami daula. A ganinmu ƙarfin waƙar yana cikin wannan tsari, domin Sakkwato ta zo a matsayin ƙarshen hanya, kuma darajarta ta fito ne daga wahalar da aka sha kafin a iso ta. Rauninta kuwa, ga mai karatun yau, shi ne Asma'u ta yi ta ne don waɗanda suka riga suka san wuraren nan, saboda haka ba ta tsaya bayyana su ba. Da sanin wuraren ya dusashe, sai sunan zango na ƙarshe ya haɗiye sauran.

3.0 Waliyyi da birninsa a wasu ƙasashe

Jingina birni ga malamin da ba ɗan garin ba tsohon abu ne a duniyar Musulmi. Sidi Abdulƙadir mutumin Jilan ne, amma Bagadaza, inda ya rasu a 1166, ita ake ambata da shi. Shehu Ahmadu Tijjani an haife shi a Aina Mali ta Aljeriya, ya zauna a Fas daga 1798 har rasuwarsa a 1815. A ƙasar Indiya ma akwai tsohon birnin Ajmir, inda Shehu Mu'inuddini Cishti ya zo baƙo daga wajen ƙasar Farisa, ya rasu a 1236. Hubbarensa ya ɗaukaka birnin, har Sarki Akbar ya tako da ƙafa daga Agra a 1570 don ziyara, bayan ya sami ɗa namiji.

Abin da ya haɗa waɗannan birane da Sakkwato shi ne kabari, da zuriya ko almajirai masu kula da shi, da masu mulki da suka girmama wurin. Sai dai akwai bambanci wanda bai kamata manazarci ya tsallake ba. Su waɗancan shehunai sun daɗe suna karantarwa a biranen nasu, saboda haka wanda ya nemi tarihin iliminsu a can zai same shi. Shehu Usmanu kuwa ya rubuta Ihya'us Sunna tun yana Degel, Bayanu Wujubil Hijira a 1806, Najmul Ikhwan kuma a zamanin Sifawa. A Sifawa ne kuma ya raba lura da ƙasa tsakanin ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Bello. Wanda ya nemi makarantar Shehu a Sakkwato kaɗai ya yi ɓatan kai.

4.0 Kammalawa

Ba mu ce kirarin ƙarya ne ba. A Sakkwato Hubbaren Shehu yake, Asma'u kanta nan aka binne ta kusa da shi, nan ne kuma mazaunin Sarkin Musulmi. Abin da muke jan hankali a kai shi ne kirari aikinsa taƙaitawa, kuma duk abin da aka taƙaita sai an yar da wani sashe nasa. A nan sashen da aka yar shi ne shekarun wa'azi da hijira da rubutu, waɗanda su ne dalilin da ya sa ake ziyartar kabarin tun farko. Don haka muna ganin ya dace a riƙa karantar da Waƙar Gewaye tare da taswira a makarantu, a kuma yi mata sharhi wanda zai bayyana kowane zango, yadda ɗalibin da ya san Hubbare zai san Degel da Gudu da Sifawa. Allah ne mafi sani.